Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Makaɗa Da Agajin Gwamnati A Zamanin Korona

A tsakiyar watan Maris na shekarar 2020 aka yi bikin kamun kifi na Argungu, bayan da ya yi wajen shekara goma ba a yi shi ba. Makaɗa da mawaƙa da mabusa suka hallara daga kowace nahiya, har Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya je da kansa. Kusan shi ne babban taro na ƙarshe da masu sana'ar kiɗa suka gani kafin al'amura su sake. A cikin wannan mako ne, ran 11 ga wata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar cewa cutar korona ta zama annoba mai game duniya. A nan gida kuwa, tun ran 27 ga Fabrairu aka riga aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da ita a Legas.

Daga nan sai dokoki suka yi ta biyo juna. Jihar Kaduna ta kafa dokar hana fita tun watan Maris bai ƙare ba. Gwamnatin Tarayya ta ba da umurnin kulle Legas da Ogun da Abuja daga daren 30 ga watan. Kano ta bi sahu a tsakiyar Afrilu, sa'an nan ran 27 ga Afrilu Shugaban Ƙasa ya daɗa mata mako biyu. Aka taƙaita taron aure da na suna, aka rufe gidajen rawa da gidajen sinima da ɗakunan biki, dandali ya yi tsit.

Babu mai hankalin da zai ga laifin hukuma don ta hana taro a lokacin da cuta take yaɗuwa ta hanyar numfashi, domin rai ya fi dukiya. Amma akwai wata tambaya da har yanzu ba a amsa ta sosai ba, ko da yake tun ran 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke cutar daga matsayin ta-ɓaci. Idan gwamnati ta rufe wa mutum hanyar abincinsa saboda amfanin jama'a duka, mene ne hakkinsa a kanta, kuma ta wace hanya za ta sadar masa da shi? Cikin masu sana'a duka da wuya a sami wanda tambayar ta fi shafa kamar makaɗi. Manomi yana iya zuwa gona shi kaɗai, tela yana iya ɗinki a zaurensa, amma kiɗa ba ya yiwuwa sai da taro, taron kuwa shi aka haramta.

Wanda ya san lissafin watannin biki a ƙasar Hausa zai fi gane girman asarar. Watan Sha'aban kaka ce ga makaɗa, domin a cikinsa iyaye suke gaggawar aurar da 'ya'yansu kafin azumi ya kama, kuma da abin da makaɗi ya tara a cikinsa yake cin azumi, lokacin da ake jingine ganga. To, a shekarar 2020 Sha'aban ya kama ne a ƙarshen Maris, daidai da somawar kulle, ya kuma shuɗe kulle bai ƙare ba. Azumi ya kama ran 24 ga Afrilu. Ƙaramar Salla ta zo a ƙarshen Mayu ba a yi hawa a Kano ba, Babbar Salla ta zo a ƙarshen Yuli, nan ma aka soke hawa. Masu kakaki da masu algaita da 'yan kalangun da suke raka mahaya, waɗanda suke jiran waɗannan ranaku kamar yadda manomi yake jiran ruwan shuka, duka suka zauna a gida. A kudu ma Jihar Kuros Riba ta soke babban bikin Kalaba da aka saba yi a watan Disamba.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar mutum ɗaya ake yi. Bayan kowane mawaƙi akwai zuga: 'yan amshi, da makaɗa, da sanƙira mai kambama masu kyauta, da yara masu ɗaukar kaya, da direba. Kowannensu yana da iyali. Abincinsu daga liƙi yake fitowa da kyautar masu biki, a raba a daren a ci da safe, babu albashi, babu fansho, babu takardar yarjejeniya tsakanin yaro da ubangidansa. Haka matan amada masu kiɗan ƙwarya suke, haka masu goge da kukuma, haka makaɗan 'yan dambe da 'yan kokawa. A ƙasar Yarbawa ma haka masu kiɗan fuji da juju suke rayuwa da bukukuwan ranar Asabar. Bayan waɗannan kuma akwai masassaƙi mai fafe icen ganga da majemi mai gyaran fata, waɗanda ba su da ciniki in ganga ba ta tashi ba.

Su ma gidajen da ake wasa a cikinsu sun sha tasu wahalar, tun daga sanannun wurare na Legas kamar New Afrika Shrine na iyalin Fela a Ikeja da Freedom Park, har zuwa ɗakunan biki na Kano da Kaduna da gidajen dambe irin na Dei-Dei a Abuja. Gidan wasa ko an rufe shi kuɗin haya ba ya tsayawa, mai gadi yana jiran albashi, kuɗin wuta da na lasisi suna ta taruwa. Da rufe ƙofa guda an rufe bakin mai hayar kujeru da rumfa, da mai lasifika, da mai janareto, da mai dafa abincin biki, har da mai tsiren da yake kafa tukubarsa a bakin ƙofa.

Gaskiya ne wasu mawaƙan zamani sun sami mafita ta intanet. Manyan taurarin Legas sun yi ta wasa kai tsaye a Instagram da YouTube, a Arewa kuwa waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game wayoyin jama'a a lokacin Ƙaramar Sallar wannan shekara. Amma wannan hanya ta mai suna ce, wanda yake da situdiyo da dubban mabiya. Mai kalangun ƙauye, wanda kasuwarsa ba ta wuce garuruwa biyar na kewaye da shi ba, ba shi da rabo a cikinta. Ba a yi wa ganga liƙi ta waya.

To, me gwamnati ta yi? A watan Mayu na 2020 Ministan Watsa Labarai da Al'adu, Alhaji Lai Mohammed, ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin shugabancin sanannen ɗan wasan barkwanci, Ali Baba, domin ya ba da shawarar yadda za a tayar da komaɗar sana'o'in fasaha da nishaɗi. Cikin wakilan kwamitin akwai mawaƙi Ali Jita da Hajiya Sa'a Ibrahim daga Arewa. Kwamitin ya yi aikinsa ya miƙa rahoto. Sai a watan Agusta aka naɗa wani kwamitin, a ƙarƙashin Otunba Olusegun Runsewe, shugaban Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa a lokacin, domin ya tsara yadda za a aiwatar da rahoton na farko. Watau ke nan an yi wata biyar da jingine ganga ana kan batun kwamiti, alhali kuwa yunwa ba ta jiran rahoto.

Babban Bankin Nijeriya ya fi saurin motsi, domin tun a watan Maris ya ware Naira miliyan dubu 50 don magidanta da ƙananan 'yan kasuwa, ta hannun bankin NIRSAL, da kuɗin ruwa kashi biyar cikin ɗari a farko. Akwai kuma wani shirin da bankin ya soma tun 2019, musamman domin masu harkar fim da kiɗa da ɗinki da kwamfuta. Sai dai duka biyun rance ne. Mutumin da aka hana shi sana'a, bai kuma san ranar da za a buɗe masa ba, in aka miƙa masa bashi an daɗa masa kaya ne a kan wanda yake ɗauke da shi. Ran 12 ga Yuli kuma aka miƙa Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Iganmu, wanda aka yi bikin FESTAC na 1977 a cikinsa, ga Babban Banki da kwamitin shugabannin bankuna domin su gyara shi. Aiki ne mai kyau, gidan ya daɗe yana neman gyara, kuma a 2024 aka sauya masa suna don girmama Wole Soyinka. Amma gyaran babban gida guda a Legas bai sa tukunya a kan wuta a gidan mai algaita ba.

Abin da ya fi kama da agaji na gaskiya shi ne asusun ceton ƙananan sana'o'i na Naira miliyan dubu 75, wanda ya fito daga babban shirin farfaɗo da tattalin arziki na Naira tiriliyan 2.3 da Majalisar Zartarwa ta amince da shi a watan Yuni, bisa jagorancin Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo. An buɗe karɓar takardun nema ran 21 ga Satumba. Wani sashe na asusun ya biya ma'aikatan ƙananan kamfanoni albashin Naira 30,000 zuwa 50,000 har wata uku. Wani sashen ya tanadi kyautar Naira 30,000 sau ɗaya ga masu sana'ar hannu da masu sufuri 333,000. An kuma yi alkawarin yi wa ƙananan sana'o'i 250,000 rajistar suna kyauta.

Wannan ba ƙaramin ƙoƙari ba ne, kuma mutane da yawa sun amfana. Amma sai a dubi sharuɗɗan. Kafin kamfani ya sami agajin albashi sai yana da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, sai mai shi yana da lambar banki ta BVN, sai yana da ma'aikata aƙalla uku, sa'an nan a cike takarda ta intanet. Babban ɗakin biki mai akanta da sakatare yana iya cika waɗannan. Ƙungiyar makaɗa mai mutum goma sha biyu, wadda ta gaji sana'arta kaka da kakanni, ba ta iyawa, ko da yake ta fi wasu kamfanonin ciyar da bakuna. A idon takarda wannan ƙungiya ba ta wanzu ba. Ga kuma agajin abinci da aka tara domin talakawa, wanda kowa ya ga yadda ya ƙare a watan Oktoba na 2020, sa'ad da jama'a suka fasa rumbuna a jihohi da dama suka tarar da kayan jibge ba a raba ba.

Abin lura a nan shi ne, hannun hukunci bai sha wahalar gano inda masu kiɗa suke ba. A watan Yuni na 2020, bayan da mawaƙi Naira Marley ya yi wasa a harabar kantin Jabi Lake Mall a Abuja, nan da nan kotun tafi-da-gidanka ta sa aka rufe wurin mako biyu. Daidai ne, doka ce aka karya. Ran 21 ga Disamba, da cutar ta sake tasowa, kwamitin Shugaban Ƙasa ya sake ba da umurnin rufe gidajen rawa da ɗakunan taro har mako biyar, aka ƙayyade taron biki ga mutum 50, a daidai lokacin da masu kiɗan kudu suke samun abincin shekara. A watan Mayu na 2021 aka sake maimaita irin wannan. Umurnin rufewa yana isa ko'ina cikin yini guda. Hannun agaji shi ne ya kasa gane hanya.

Da na gaba ake gane zurfin ruwa, saboda haka ya kamata a dubi yadda wasu ƙasashe suka yi. A Faransa akwai tsari da ya daɗe, wanda a ƙarƙashinsa mawaƙi ko makaɗi ko mai gyaran fitilar dandali, in ya nuna ya yi aikin sa'a 507 cikin wata goma sha biyu, yana da hakkin karɓar kuɗin rashin aiki a lokacin da ba shi da wasa. Da annoba ta zo, abin da Shugaba Macron ya yi ran 6 ga Mayu, 2020, shi ne ya tsawaita wannan hakki har zuwa ƙarshen Agusta na 2021, daga baya aka kai shi ƙarshen shekarar. Ba a tsaya neman wane ne makaɗi ba, domin sunayensu suna rubuce tun kafin cuta. A Jamus ma tun 1983 akwai asusun inshora na masu fasaha, inda mai sana'a yake biyan kimanin rabin kuɗin, gwamnati da kamfanonin da suke amfani da aikinsa su biya saura. Gwamnatin ƙasar ta kuma fito da shirin agaji na Yuro miliyan dubu ɗaya a tsakiyar 2020, ta ninka shi a 2021.

A Ingila gwamnati ta yi shelar asusun Fam miliyan 1,570 don al'adu a farkon Yuli na 2020. Abin da ya taimaki ƙananan gidajen kiɗa shi ne suna da ƙungiya tasu, Music Venue Trust, wadda aka kafa tun 2014, ta kuma fito da jerin gidaje fiye da 500 da suke bakin rufewa. Saboda haka aka fara ware Fam miliyan 3.36 na gaggawa ga gidaje 135 kafin babban rabo. Duk da haka makaɗa masu zaman kansu da yawa sun rasa agaji, domin an auna shi ne da takardun harajin shekarun baya. A Amurka kuwa masu gidajen kiɗa sai a watan Afrilu na 2020 suka kafa ƙungiya, bayan an riga an rufe su. Dokar agajinsu ba ta samu sa hannu ba sai ran 27 ga Disamba. Kuɗin ya haura Dala miliyan dubu 16, amma ranar da aka buɗe shafin nema, 8 ga Afrilu, 2021, na'urar ta tsaya cik, kuɗi bai fara isa hannu ba sai da gidajen suka yi fiye da shekara a rufe. Ashe yawan dukiya ba ya hana jinkiri in ba a yi shiri ba.

A nahiyar Afirka ma an yi ƙoƙari. Kenya ta ware Shilin miliyan 100 don mawaƙa da 'yan wasa a watan Afrilu na 2020. Afirka ta Kudu ta ware Rand miliyan 150 tun a watan Maris, daga baya ta ba Majalisar Fasaha ta ƙasar Rand miliyan 300 ta raba. Rabon ya rikice, aka yi wa mutane alkawarin abin da ya fi kuɗin da ke hannu, har wata mawaƙiya, Sibongile Mngoma, ta jagoranci 'yan'uwanta suka tare a ofishin majalisar da ke Johannesburg daga watan Maris na 2021, suka yi wajen wata biyu suna neman a yi musu bayani. Darasin da ke cikin waɗannan misalai duka guda ne. Inda aka san masu sana'a da sunayensu tun ana zaman lafiya, agaji ya isa da wuri. Inda sai da wuta ta kama aka soma haƙa rijiya, ko dai ya makara ko ya ɓace a hanya.

Abin takaici, Nijeriya ba ta rasa doka ba. A 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka ƙaddamar da manufar ƙasa game da al'adu. A 1991 aka kafa doka mai lamba 52 domin samar da asusun ƙasa na raya fasaha, wanda zai riƙa taimakon masu sana'ar kiɗa da wasa da zane da rubutu. Shekara da shekaru ƙungiyoyin marubuta da 'yan wasa suna kukan cewa dokar tana kwance a takarda, asusun bai tsaya da ƙafafunsa ba. Da a ce tun wancan lokaci ana zuba masa ko da kaɗan-kaɗan ne, yana da ofisoshi a jihohi da littafin sunaye, da ranar da aka kulle gari akwai ƙofar da makaɗi zai ƙwanƙwasa. Ita ma hanyar karɓar ladan waƙa daga gidajen rediyo da talabijin annobar ta same ta cikin rigima, domin tun 2018 Hukumar Kare Hakkin Mallaka ta dakatar da lasisin ƙungiyar COSON, aka yi ta shari'a. Ga shi kuwa a kwanakin kulle ne jama'a suka fi manne wa rediyo.

A da can ba gwamnati makaɗi yake kallo ba. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Salihu Jankiɗi suna da iyayen gida, sarki ya ba su gida da doki da riga da hatsi, shekarar wadata da shekarar fari. Makaɗan maƙera da na mahauta da na manoma kowanne yana jingine da masu sana'arsa. Tun daga ƙarshen shekarun 1960, sa'ad da aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e, zuwa gyaran ƙananan hukumomi na 1976, baitulmali ya bar fada. Makaɗi ya koma ga attajiri da ɗan siyasa da mai biki. Wannan ya ba shi 'yanci, kuma su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos sun nuna irin ɗaukakar da mai zaman kansa yake iya samu. Amma ya bar shi ba inuwa ranar da attajiri ya kulle gidansa, ɗan siyasa ya kashe wayarsa, aka kuma hana biki. Hukumar da ta gaji baitulmalin fada ba ta gaji wannan nauyi ba.

Wani zai ce, a lokacin da asibitoci ba su da iskar numfashi, malaman makarantu masu zaman kansu ba su da albashi, ina ruwan gwamnati da mai ganga? Wani ma zai daɗa da cewa ai roƙo ba sana'a ba ce. Amsar ita ce ba a neman a fifita makaɗi a kan malami ko direba. Abin da ake nema shi ne a lissafa da shi kamar yadda aka lissafa da su, domin shi aka fara rufe wa ƙofa kuma shi aka buɗe wa a ƙarshe. Batun raini kuwa, hukuma ba ta taɓa raina ganga ba ranar da take da saƙo. Da bakin mawaƙa aka kai yaƙi da jahilci ƙauyuka. Su suka ƙarfafa zukatan soja a lokacin yaƙin basasa, su suka wayar da kan jama'a game da komawa tuƙi a hannun dama a 1972 da canjin kuɗi zuwa Naira da Kwabo a 1973. A zamanin korona ma an ji waƙoƙin wanke hannu da sa takunkumi a harsuna iri-iri. Ƙasar nan kuma tana alfahari da cewa hukumar UNESCO ta sa bikin Argungu cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, ta sa hawan Sallar Kano a 2024. Wane irin hawa ne za a yi babu kakaki babu tambari? Wanda yake son zuma ba ya ƙona amya.

Abin yi a bayyane yake, kuma yanzu ne lokacinsa, tun babu wata annoba a ƙofa. Da farko a buɗe littafin sunayen masu sana'ar kiɗa da gidajen wasa a kowace ƙaramar hukuma cikin 774 da ake da su. Ba aiki ne mai wuya ba, domin kusan kowane gari yana da Sarkin Makaɗa ko shugaban ƙungiya wanda ya san mutanensa ɗaya-ɗaya, kowace jiha kuma tana da hukumar al'adu wadda ma'aikatanta suke zaune. A rubuta ƙungiya da yawan mutanenta, a karɓi lambar ɗan ƙasa da lambar waya a madadin takardar kamfani. Sai dai wajibi ne a raba wannan littafi da na masu tace waƙa da na masu karɓar haraji. A Kano, alal misali, Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001 tana yi wa mawaƙa rajista, amma rajistar sa ido ce. In makaɗi ya ga cewa sunan da ya bayar don agaji da shi za a kama shi gobe, ba zai bayar ba.

Sa'an nan a tayar da asusun 1991 daga barci. Tun 2023 aka keɓe wa fasaha da al'adu ma'aikata a Gwamnatin Tarayya, aka kuma sa hannu a kan sabuwar dokar hakkin mallaka a wannan shekara, saboda haka babu sauran uzurin cewa ba mai riƙon al'amarin. Ana iya ciyar da asusun da ɗan kaso daga kasafin kuɗi, da ɗan abu kaɗan daga kuɗin shiga manyan wasanni da hayar manyan ɗakunan biki, da gudummawar su masu sana'ar. A ba masu sana'a kujeru a hukumar da za ta riƙe shi, a riƙa buga sunan duk wanda ya karɓa da abin da ya karɓa a jaridu, a kuma karanta a rediyo, don kada ya zama ladan waƙar yabon gwamna. Har ila yau a mai da shi ƙa'ida cewa duk takardar da za ta ba da umurnin rufe gidajen wasa ta ƙunshi sassaucin da za a yi musu: a ɗage kuɗin lasisi da harajin fili na watannin da suka yi a rufe. Wannan ba ya bukatar gwamnati ta fitar da ko kwabo, illa dai ta haƙura da karɓa daga wanda ta hana shi nema.

Su ma makaɗa da mawaƙa suna da nasu aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu gidajen kiɗa na Ingila sun tsira ne domin sun yi magana da murya ɗaya, suna riƙe da alƙaluma a hannu. A nan kuwa ƙungiyoyi sun fi shahara da rikicin shugabanci da rabuwa bisa jam'iyya, na zamani yana ganin na gargajiya baƙauye, na gargajiya yana ganin na zamani mai ɓata al'ada. Matan kasuwa sun daɗe da sanin amfanin adashe, babu abin da zai hana masu ganga su kafa nasu, su ajiye wani abu daga liƙin Sha'aban saboda shekarar da Sha'aban zai zo ba biki. Manyan mawaƙa da Allah ya buɗa musu su ne ya kamata su shige gaba, domin da amshin yaransu suka yi suna.

Ba cuta kaɗai ke rufe dandali ba. Rashin tsaro ya hana bukukuwa a sassa da dama na Arewa, ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya tsai da liƙi cik, kuma babu wanda ya san abin da gobe za ta zo da shi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Majalisun jihohi da ta tarayya suna zaman kasafin kuɗi kowace shekara, kuma a can ne ya kamata wakilan jama'a su tambayi ministoci da kwamishinonin al'adu inda littafin sunaye yake da inda asusun 1991 ya kwana. Allah ya kiyaye ƙasa daga wata annobar, ya kuma ba shugabanni ikon yin shiri tun da sauran rana.